Ramin Ƙarƙashin Tsohuwar Gada

Kakana Murdo bai taɓa yarda da mutumin da ya gani sunkuye a cikin rafi ba. Ko limamin cocinmu ne, sai ya bi shi da ido har ya fito.

Danginmu masu neman lu'ulu'u ne tun kakanni. A rafukanmu na arewacin Sikotilan akwai kawa mai baƙin ƙwanso da ke tsaye cikin tsakuwa, wata takan haura shekara ɗari a raye, kuma jefi-jefi akan dace da lu'ulu'u a cikinta. Da bokiti mai gindin gilashi ake leƙa ruwan, a ciro ta da sanda mai tsagaggen baki. Masu sana'ar suna da ƙa'ida guda: duk wanda ya tambaye ka inda kawa take, ka ce babu, ka nuna masa wani gefen. Ko ɗan'uwanka ne. Mahaifin Kaka ma bai faɗa masa da baki ba, kai shi wurin ya yi, ya danƙa masa bokiti, ya danna masa ƙeya.

Da gwamnati ta hana sana'ar saboda kawar na ƙarewa, Kaka ya rataye kayansa a rumfa ya koma gyaran shinge. Amma ɓarayi ba su daina ba, sukan bar tulin ƙwanso a buɗe a bakin ruwa. Tun daga nan ya naɗa kansa mai gadi. Wurin da ya fi ji da shi yana ramin da ke bayan ginshiƙin tsohuwar gadar ƙauyenmu, kuma ko matarsa, Kaka Effie, abin da ta sani kawai shi ne yakan je can ya dawo da jiƙaƙƙen wando.

A bara aka ce za a rushe gadar a gina sabuwa. Wata safiya ina raka shi sayen burodi sai ya tsaya cak. Wata mata ce a cikin ruwa, da wandon roba har ƙirji, ta tusa kai cikin bokiti mai gindin gilashi.

"Ke! Me kika yar a nan?"

Ta ɗago tana korar ƙwarin da suka yanyame ta. Ta ce sunanta Ishbel Rennie, an turo ta ne ta duba ko akwai kawa kafin a fara aikin gada, don doka ta hana a taɓa su. Ta nuna katin da ke wuyanta.

"Kati kuma? Karena ma yana da abu a wuya," in ji Kaka.

"Karenka ya fi ka fara'a, dattijo, na gan shi ɗazu." Ta nuna ramin da haɓa. "Can ya fi ƙarfin bokitina, ruwan ya yi duhu. Idan da dalili sai in kira masu nutso. Ka taɓa ganin kawa a ciki?"

"Babu ko ɗaya. Ambaliya ta share su tun ba a haife ki ba. Ki haura sama wajen itatuwan can."

Ta dube shi, ta dubi hannuwansa. Da yamma na ga motarta ta rage gudu a gaban rumfarmu, inda tsohon bokitin da sandar ke rataye. Na gane ita ma ta fara lissafinta: ga tsohon mai sana'a, ga kayan aiki, ga gaggawar korar baƙuwa.

A gida Kaka ya zauna shan shayi yana ta cika baki. "Na aika ta wajen ƙwari. Ku ji wai mai bincike! Haka ɓarayin wancan karon suka ce su masu ɗaukar hoton tsuntsaye ne."

Kaka Effie ta ajiye tukunyar miya da ƙarfi. "Sannu, gwani. To idan katafila ta zo, ita ma sama za ka nuna mata?"

"Wace katafila?"

"Wadda za ta haƙe gindin gada, tsohon banza. Idan yarinyar nan ta ce babu komai, a ina kake tsammani za su zura ƙarfensu?"

Shayin ya huce a gabansa. Can ya ce, "In kuma ɓarauniya ce fa?"

"Sai ka zaɓa, ɓarauniya mai bokiti ko katafila mai haƙora."

Washegari ya sauko da tsohon bokitinsa, ya goge gilashin da hannun riga, ya ce in biyo shi in zama shaida ko da za a yi ta a gaban 'yan sanda. Muka tarar da Ishbel tana haɗa kayanta. Da ta ga bokitin sai ta ɗora hannu a kan wayarta.

"Da wannan kake yawo da rana tsaka, dattijo?"

"Wa zai ga abin da kike rubutawa?" in ji Kaka.

"Injiniya da hukumar kula da namun dawa. Ba a buga wurin a fili, mu ma muna tsoron ɓarayi."

"Haka ɓarawo ma zai ce."

"Haka ma zai ce babu komai a ramin."

Suka tsaya suna kallon juna. Daga nan Kaka ya shiga ruwa da tufafinsa, ya zagaya bayan ginshiƙin inda wani falalen dutse ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, ya yafito ta. Ta bi sawunsa a hankali, ba ta yarda ta juya masa baya ba. Ya danƙa mata bokitin, ya danna mata ƙeya.

Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, muryarta ta yi ƙasa. "Ga kawa, har da ƙanana. Suna haihuwa ke nan."

"Ni dai ban faɗa miki komai ba," in ji Kaka. "Buɗe hannunki in gani."

Ta buɗe duka biyun, shi ma ta sa ya buɗe nasa.

Masu nutso sun zo, aikin ya yi jinkiri har mutanen ƙauye suka yi ta gunaguni, a ƙarshe aka kafa ƙafafun sabuwar gadar a kan tudu ba tare da ƙarfe ya shiga ramin ba. Kaka ya kai kujera bakin ruwa, kullum yana can yana kallon aljihun ma'aikata. Ishbel takan zo shan shayi, har yau kuma yana leƙa bayan motarta kafin ta tafi.

Ni ban taɓa taka falalen dutsen ba. Kwanan nan na roƙe shi ya kai ni, tunda ni ke adana labarin gidanmu. Ya ƙare mini kallo sama da ƙasa.

"Wa ya aiko ki, 'yar nan? Babu komai a wurin. Ki haura sama."