Sirajo da Jar Motarsa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Sha'aban, bayan sallar La'asar, ƙanena Sirajo Maitama ya cika a Kaura Namoda, bayan jinyar kwana huɗu kacal.

Sirajo, mutane sun faɗi alherinka a wurin zaman makoki, kuma ba su ƙara gishiri ba. 'Yan kabu-kabun Kasuwar Daji sun ce ka sha gyara musu babura a garejinka ka ce su je abinsu. Ni kuwa abin da ban faɗa ba shi ne na shekara goma sha biyu ina kishinka, kuma a kan mota.

Taka tsohuwar jar mota ce mai ƙofa biyu, ta girme ka, ka tsince ta kaji na ƙwai a cikinta ka tashe ta da hannunka. Kujera biyu, ba sanyi, ga ƙara kamar injin niƙa. Tawa sabuwa ce dal, mai cin mutum bakwai. Ita ke kai matan gidanmu awo, ita ke ɗauko buhunan gero daga Moriki. Na sha yi maka gori cewa taka ko tunkiya ba ta ɗauka, kai dai sai dariya.

Amma tun da idon Hajiya, mahaifiyarmu, ya rufe, da kunne take gane 'ya'yanta. Kana shigowa garinmu Zurmi take jin rurin motarka, ta sa a shimfiɗa tabarma a dama fura. Tawa ba ta da murya. Sai in faka, in shiga har tsakar gida in yi sallama, ta ce, "Wa na?" Wallahi abin yana ci mini rai. Ni ne babba, ni ke ɗauke da gidan, amma kai ake jira.

Bayan addu'ar bakwai matarka Nazifa ta ba ni makulli, ta ce a kai motar gida. Na tuƙo ta, kuma ba zan ɓoye maka ba, na so ko sau ɗaya a shimfiɗa mini tabarmar nan, ko da a bisa kuskure ne. Na iske Hajiya tsaye a ƙofar zaure da sandarta. Kafin in buɗe baki ta ce, "Muhtari, kashe ta hakanan. Tun daga bakin tasha na san kai na. Shi ba ya lallaɓa ta. Kai ko tun kana ɗan ƙanƙane komi a hankali kaka yi, don kar ka tashe ni."

Na kifa kai a kan sitiyarinka na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Ka yafe mini, ɗan'uwana. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Hajiya, Nazifa da 'ya'yanka Yazid da Laila haƙurin rashinka, ni kuma Ya wanke mini zuciyata. Amin.