Hannun Yaya da Kwandalar Girkawa

Yayana bai taɓa cin abinci a zaune ba sai in da baƙo, shi ma ɗin da ƙafa ɗaya a waje. Tun muna yara mahaifiyarmu ta sa masa Na-Tsaye, sunan kuma ya bi shi har wurin aiki, har furfura. In ka ce ya zauna sai ya ce to, ya ɗora gwiwa ɗaya a kan kujera yana waige-waige kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Ya koyi gyaran agogo ya bari. Ya shiga wurin masu yin haƙoran roba ya bari. Ya ɗan taɓa ɗaukar hoto, shi ma bai kai ko'ina ba. Mu a gida mun riga mun sallama, mun ce wannan ba mai zama wuri ɗaya ba ne.

Sai ga shi aikin da ya riƙe shi har tsufa ya fi kowane aiki son natsuwa. A gidan tarihi na jami'a akwai wani ɗaki a saman bene inda ake ajiye tsoffin kwandaloli na Girkawa da Romawa, na azurfa da na tagulla, kowace a ɗan gurbinta cikin farantin katako. Malaman da ke karanta littattafan mutanen nan da Girkanci da Latin ba sa wadatuwa da littafi kaɗai, sai sun ga kuɗin da mutanen suka riƙe da hannunsu. Kwandala kuwa ba ta fita daga ɗakin, sai dai a yi mata kwafi. A danna ta a wani yumɓu mai laushi wanda ba ya bushewa, a cire, a zuba kwaɓaɓɓen farin garin nan da ake ɗaure karaya da shi a asibiti, in ya daskare a ɓamɓaro. Yaya ya zo da hannunsa a horar daga wurin masu haƙora, suka ɗauke shi. Shi ne ma ke wanke kwafin da ruwan shayi mara madara don fuskar da ke jiki ta fito sosai.

Bai iya Latin ba, bai kuma taɓa nuna ya iya ba. Sarakunan Romawa da hanci da wuya ya san su. Zai dawo gida ya ce yau ya wuni da Mai Kumatu, gobe kuma Dogon Wuya ne da matarsa. Sunayen gaskiya yana barin su ga malamai, su ma suna bar masa yumɓunsa, kowa da abin da ya iya.

Ni na dawo gidansa bayan rasuwar maigidana. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa duk sun watse gidajen aurensu da wuraren aikinsu. Na kafa keken ɗinkina a ɗakin gaba, shi kuma yana ta shawagi a kaina daga ƙofa zuwa taga. Ba maɓallin da ya tsira a gidan nan, duk ya yi musu kwafi. Wani lokaci in ji kamar in ɗaure shi da tsumma a jikin kujera.

Ni na fara ganin hannun. Wata safiya yana tsaye yana jiran ruwa ya tafasa, hannunsa na dama a sake, sai na ga babban yatsa yana goga manuni kamar mai murza zare. Na yi magana, ya ce sanyi ne. Ba sanyi a ranar. Sai da na yi masa fushi na gaske, na daina zuba masa shayi, kafin ya yarda muka je asibiti. Likita ya yi bayani ba ɓoye-ɓoye: ciwo ne na jijiya, hannun zai riƙa rawa in yana hutawa, in an sa shi aiki ya lafa, kuma da tafiyar lokaci abin ƙaruwa zai yi.

A ɗakin kwandaloli kuwa doka ce tsohuwa, mai rawar hannu ba ya taɓa kwandala. Ba wanda ya fi Yaya sanin haka. Muna fitowa daga asibiti ya ce kada in kuskura in faɗa wa kowa, ko 'ya'yansa.

Daga nan gidan ya zama ba ya zaunuwa. Tun da hannun ba ya rawa sai in ba ya komai, Yaya ya hana shi hutu kwata-kwata. Ya kwance ƙofar banɗaki ya mayar. Ya wasa almakashina har suka sirance. Kofin da na wanke ya sake wankewa. A wurin aiki ma, yadda ya ba ni labari, kullum da tsumma a hannunsa yana goge abin da ba datti. Ba wanda ya lura, don mutumin da aka saba gani yana zirga-zirga tun yana saurayi, wa zai ce yau zirga-zirgarsa ta canza? Ni dai ina gani, kuma tsoro nake ji, haushi nake ji. Da yamma yakan dawo a gajiye tiɓis, amma ya kasa ajiye hannun.

Na ce masa ya je ya faɗa wa mutanen wurin aikinsa da bakinsa tun da mutunci, kafin wata kwandala ta suɓuce. Ya daɗe yana juya murfin kwalba a tafinsa.

"Auta," ya ce, "in na faɗa, me zan riƙa yi da safe?"

Na ci gaba da taka keke.

Ana haka wata Farfesa ta kawo buƙata. Dattijuwa ce, ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan binciken wani ɗan ƙaramin garin Girkawa na bakin teku. Wani marubucin Latin ya ce an share garin daga doron ƙasa a wani yaƙi, ita kuma tana zargin garin ya ci gaba da rayuwa bayan haka. Hujjarta tana jikin kwandala. Mutanen da, da hatimin ƙarfe suke buga kuɗinsu, in hatimin ya tsage, tsagar takan fito a jikin duk kwandalar da aka buga da shi. Tana da tsohon kwafin wata kwandala ta garin daga kafin yaƙin, mai tsaga siririya a bayan hoton kifi. Akwai kuma wata a ɗakin su Yaya wadda aka buga bayan yaƙin. In tsagar ɗaya ce, to maƙera ɗaya ce, garin bai mutu ba ke nan. Hoto ya kasa nuna mata, don azurfar ta yi baƙi da dabbare-dabbare. Sai an ajiye farin kwafi kusa da farin kwafi a ƙarƙashin fitila ɗaya.

Matsalar, kwandalar ta tsufa har ta cikinta. Azurfa in ta daɗe a ƙasa takan yi gautsi, a danna ta da ƙarfi ta ɓare gida biyu. Kowa ya ce ba mai yin wannan sai Na-Tsaye, shi kuma bai ce a'a ba.

Ya sayo biskit mafi sirantaka a kanti ya fara gwaji a kan teburin ɗinkina. Maimakon ya danna biskit a yumɓu, sai ya murza yumɓun a tafinsa har ya yi ɗumi ya saki, ya kwantar da biskit a kan ƙyalle, ya kawo yumɓun a kansa a hankali. Waɗanda suka karye mu muka ci, har yau ba na son ganin biskit. Amma gaskiya ita ce da ya kama aikin hannun yakan tsaya cak. Na kalle shi da idona, ba ko gezau. Har na fara cewa a raina wataƙila ni ce mai yawan tsoro.

Ran aikin ya ce in raka shi in riƙe masa akwatin kaya. Bai taɓa neman rakiya ba, na gane tsoro ne, na ɗauki akwatin. A hanya yana gaba ina baya ina haki, ya tsallaka titi tun kafin motoci su tsaya.

Ɗakin ƙarami ne, dogayen kabad a jikin bango, tebur ɗaya a tsakiya, daɓen kuma na katako mai motsi in an taka. Mai Makulli, wato mai kula da ɗakin, ya tarbe mu. Mutum ne mai jiki, mai sanyin tafiya, makullansa a ɗaure a wuyan hannu. Tare suka fara aiki da Yaya tun suna samari, suna kiran juna abokina. Farfesa tana gefe da gilashinta a goshi. Aka ba ni kujera a lungu aka ce kada in motsa.

Mai Makulli ya fito da kwandalar a kan ɗan faranti mai shimfiɗar ƙyalle. Ƙanƙanuwa ce, ba ta fi farcen babban yatsa ba. Na ce a raina, a kan wannan abin ne muka rasa barci? Yaya ya murza yumɓu, ya barbaɗa hoda, ya sunkuya. Ya kawo yumɓun, ya danna da tsokar yatsa, ya ɗaga. Ya juya kwandalar ya yi wa ɗaya fuskar. Kwandala lafiya lau a kan farantinta. Ya kwaɓa gari ya zuba a guraben biyu, ko ɗigo bai zuba a gefe ba. Farfesa ta sauke ajiyar zuciya, ni ma haka.

Ashe duk gwajin da muka yi a gida, ba mu gwada abin da ke tafe ba. Gari sai an jira shi ya daskare, kwandala kuma ba a mayar da ita kabad sai an buɗe kwafi an ga ya yi, don kada a fito da ita sau biyu. A sauran ranaku Yaya yakan cinye wannan jira da wanke kwano da goge cokali. Amma saboda gautsin wannan, Mai Makulli ya sa aka kwashe sauran kayan aiki daga tebur aka miƙo mini, ya ce kowa ya zauna, ba mai taka daɓen nan sai an gama.

Yaya ya zauna. Ya ɗora hannun hagu a kan tebur, na dama ya tura shi ƙarƙashi, a kan cinyarsa. Daga lungun da nake ina ganinsa. Da fari yatsu biyu ne. Sai wuyan hannu ya ɗauka. Ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa, rawar ta bi ta ƙafa, gwiwar kuma tana jingine da ƙafar tebur. Ba inda zai ja da baya, kabad ne a bayansa. Gumi ya tsattsafo masa a wuya.

Sai na ji wata 'yar ƙara, ƙit-ƙit-ƙit. Farantin ne ke bugun tebur. Kwandalar tana ɗan tsalle a kan ƙyallenta tana matsowa bakin katakon faranti. Farfesa ta dubi taga, ta ce ko babbar mota ce ke wucewa. Mai Makulli ya dubi ƙasa yana neman inda motsin ke fitowa. Da Yaya ya yi shiru, wataƙila su bar shi a kan motar. Ni kaina, Allah ya sani, addu'ar da nake yi ke nan.

Yaya ya zaro hannun daga ƙarƙashin tebur ya ɗaga shi sama, nesa da komai, daidai fuskarsa. Ƙarar ta tsaya nan take. Hannun kuwa yana ta karkarwa a fili, a gaban fitila, kowa na kallo.

"Ba mota ba ce," ya ce. "Ni ne. Abokina, ɗauke ta daga gabana."

Mai Makulli ya sa hannu biyu ya janye farantin zuwa gabansa. Yaya bai sauke hannun ba. Haka ya riƙe shi a sama har garin ya daskare, kafaɗarsa na sagewa, shi kuma idonsa a kan kwafin. Farfesa ta tambaya a hankali ko ciwon ya daɗe, ya ce ya kwana biyu, kuma laifinsa ne da bai faɗa ba.

Da lokaci ya yi ya ɓamɓare yumɓun da kansa, hannun ya natsu kamar ba shi ba. Kwafin ya fito tas. Farfesa ta ajiye shi kusa da nata ta karkato fitila, ta daɗe a sunkuye, sannan ta ce ga tsagar nan a bayan kifi, iri ɗaya sak. Ta fara murmushi, ta ɗago ta dubi Yaya, murmushin ya tsaya. Ta yi masa godiya da murya ƙasa-ƙasa. Shi kuwa har ya fara haɗa akwatinsa. Yumɓun da ya rage da garin ya bar su a kan tebur, ya ce wanda za a ɗauka zai buƙace su.

Al'adar ɗakin ce duk mai fita ya buɗe tafin hannunsa a bakin ƙofa, a ga bai fita da komai ba, ko shugaban jami'a ne. Na buɗe nawa na wuce. Yaya ya buɗe nasa biyu, na hagu a tsaye, na dama yana rawa. Mai Makulli ya dube su. Maimakon ya ce wuce, sai ya kama na daman da hannayensa biyu ya riƙe gam. Rawar ba ta tsaya ba, ta shiga hannunsa shi ma, har makullan da ke wuyan hannunsa suka fara kaɗawa. Bai saki ba. Ni na juya na fuskanci bango da akwatin a ƙirjina, don ba na son Yaya ya ga ina kuka.