Jirgin Lammert Ba Shi Da Madubi

Lammert Hoekstra ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa yana tuƙa bas tsakanin birnin Groningen da ƙauyukan arewacinsa. Ya san kowace kwana, ya san gadar da ake ɗagewa jirgin ruwa ya wuce. Jirgin sama ne dai bai taɓa hawa ba. Cewa yake yi duk abin da ba za a iya tsayar da shi a gefen hanya a duba ba, to ba da shi ba.

Bayan ya ajiye aiki sai 'yarsa Femke, wadda ke aure a Bergen ta ƙasar Norway, ta haihu. Matarsa Geertje ta ce ko da shi ko ba shi sai ta je ta ga jikarta. Maƙwabcinsu Harm, mai gyaran kekuna, shi ya kawo shawara. Ya daɗe yana wasan tuƙin jirgi a kwamfuta, ya ce duk wanda ya ga yadda ake tuƙawa tsoro zai sake shi. Ranar wata Asabar da hantsi ya kinkimo tsohuwar sandar tuƙinsa, ya jona ta da kwamfuta a kan teburin kicin.

"To, ga ka a kujerar matuƙi," in ji Harm.

Lammert ya gyara tabarau. Agogunan awo ne birjik a fuskar kwamfutar, kowanne da allurarsa. Ya duba dama, ya duba hagu.

"Ina madubin?"

"Wane madubi kuma?"

"Na gefe mana. Ta ina zan ga na bayana?"

"Mutumina, sama ce fa. Babu kowa a bayanka."

"Haka kowa ke faɗa kafin a buge shi."

Don ya kwantar masa da hankali, Harm ya danna wani maɓalli. Nan take agogunan suka ɓace, sai ga wani ɗan farin jirgi a tsaye kan titin tashin jirage.

"Wannan na wane ne?" in ji Lammert.

"Naka ne."

"Ni kuma ina ina?"

"Kana ciki."

"In ina ciki, wa ke kallo?"

Geertje, da ke firar dankali a gefe, ta tuntsire da dariya. "Ka gani ko, Harm? Da shi nake fama tun ina budurwa."

Da ƙyar aka tashi sama. A kan sandar akwai wani ɗan maɓalli da ke juya kallon matuƙi. Lammert ya damƙe sandar kamar sitiyari, babban yatsansa ya danne maɓallin bai sani ba. Sai ya ga sama ta tafi, ba ya ganin komai sai ƙasan kujera. Ya ɗauka faɗuwa yake yi, ya finciko sandar da ƙarfi. Wani abu ya fara kuwwa. Ya shiga danne-danne: ga shi a kan fiffike, ga shi a hasumiyar filin jirgi, ga shi a ƙarƙashin wutsiya. Bai gama tantance inda yake ba jirgin ya kife a makiyayar shanu.

Bai daina ba. Kullum bayan kofin safe sai ya zauna. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne idan yana kallon jirgin daga gaba, sai dama ta koma hagu. Har kujerarsa ya riƙa juyawa ko za su daidaita.

Wata rana ya ƙwala wa Harm kira ta taga. "Zo ka ga aiki!" Jirgi na tafiya sumul cikin gajimare, Lammert na karkata sanda a hankali, yana murmushi. Harm ya ƙura ido, ya sosa ƙeya.

"Lammert, naka ai ƙarami ne fari. Wannan ƙaton na fasinja ne, kwamfuta ke tuƙa shi. Kyamara ka ɗora a kansa."

Harm ya danna maɓalli. Ga jirgin Lammert can a bakin titi, ko motsawa bai yi ba, da birki a ɗaure.

Lammert ya ce, "Amma da na karkata shi ma ya karkata."

"Kwana ce ta zo masa."

Tsoron dai bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Ya ce da can bai san abin da ke gaban matuƙi ba, yanzu ya sani. Duk da haka ranar tafiya ya bi Geertje. Ya ƙi kujerar taga. Da ma'aikaciyar jirgin ta zo wucewa ya tare ta.

"'Yata, su nawa ne a gaba?"

"Su biyu ne, Baba."

"Yauwa," in ji shi. "Ɗaya ya kalli ciki, ɗaya ya kalli waje."

Ba ta gane ba, ta dai yi murmushi ta miƙa masa kofi. Ya runtse ido har suka sauka.

Ya ɗauki jikarsa, ya yi ta kallonta har hannunsa ya sage. Ranar komawa kuwa ya ce shi jirgin ruwa da na ƙasa zai bi. Geertje ta hau na sama abinta. Da ya iso gida ya tarar har ta yi wanki ta shanya, tana shan shayi da matar Harm.