Wutar Teku da Dutsen Gugar Nyanya

Ni da ban taɓa ganin teku ba, sai ga ni a kwamitin da zai ba da shawara kan wutar teku. Injinan iska ake son kafawa can cikin ruwa a kudu, mu kuma a ofishinmu na Abuja mu faɗi yadda za a jona wutarsu da babban layin ƙasa ba tare da ya durƙushe ba. Na daɗe ina neman kujerar nan. Ni kaɗai ce mace, ni ce ƙarama, na kuma san in na yi sake za ta suɓuce mini.

Hanya biyu ce a gabanmu. Ta farko, a jawo waya ta ƙarƙashin ruwa a haɗa kai tsaye. Tana da sauƙi, sai dai kamar mutum biyu ne ɗauke da baho ɗaya, in ɗaya ya yi tuntuɓe duka sun jiƙe. Ta biyu, a gina tasha a kowane ɓangare, ta juya wutar, ta daidaita ta kafin ta shiga layinmu. Wannan ta fi wahalar gini.

Daraktanmu ta farko yake so, lissafin baƙin masanan da aka ɗauko kuma ya ce lafiya lau. Lissafin ne ya hana ni sukuni. Sun zana mu muna shan wuta a tsanake, kaɗan da safe, ƙari da yamma. Ni kuwa a Nyanya nake zaune, a gefen Abuja. In aka kawo wuta bayan an daɗe babu, unguwa gaba ɗaya ke zabura: mai guga, mai injin jan ruwa, mai walda, mai niƙa, kowa a lokaci guda, don ba wanda ya san yaushe za a ɗauke. Ni kaina na sha rugawa da hijabin salla in jona dutsen guga. Layin da ke fama da wannan fizga, a ƙara masa iskar da ke tashi ta kwanta yadda ta ga dama?

A wurinmu ba a gyara wa babba magana a gaban baƙi, ofishinsa ake binsa. Na yi ta zarya ofishin Darakta. Yau yana taro, gobe ya yi tafiya. A cunkoson motocin Nyanya nakan zauna ina buga sitiyari, ina maimaita abin da zan faɗa, raina a dagule.

Abokin aikina, wani injiniya ɗan Filato, ya ja ni gefe ranar babban taron kwamitin. "Madam, ka yi haƙuri fa. Oga ba ya son surprise. Ka bari sai bayan meeting."

"Bayan taro ai an gama yanke hukunci," na ce.

Darakta ya kammala jawabi, ya ce ko akwai tambaya, da irin muryar da ke nufin kada a samu. Sai na ji ni tsaye. "Ranka ya daɗe, lissafin nan bai san yadda muke tarbar wuta ba." Na bayyana musu yadda unguwa ke zabura in an kawo wuta. Baƙin suka shiga rubutu. Darakta ya yi murmushi ya ce, "Mun gode, Injiniya."

Da aka sake zama, ba a kira ni ba. A barandar ofis na tare ɗan Filaton nan.

"Sun sake lissafin," ya ce, yana kallon ƙasa. "Hanyarka suka ɗauka, Madam, mai tasha biyu."

Daɗi ya kama ni har na dafa bango. Na ce to yaushe ne zama na gaba, in shirya?

Ya sosa ƙeya. "An ba wani kujerarka."