Fitilar Baba Audu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina kasuwar Isa ina cinikin igiya, wani ɗan kabu-kabu daga Kamarawa ya dafa kafaɗata ya ce, "Garba, rijiya ta ci Baba Audu." Na ce masa ƙarya ne. Da na dubi idonsa, sai na gane gaskiya ne.

Baba Audu shi ne shugaban ƙungiyarmu ta masu haƙar rijiya, daga Isa har Sabon Birni, kuma a hannunsa na koyi aiki. Dokarsa ita ce ba mai sauka rami sai an fara zura fitila mai wuta. In ta mutu a ƙasa, iskar ramin ta ɓaci, aiki ya tsaya. Masu lambu sun sha kiransa matsoraci, wasu har sun daina ba mu aiki. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Awo, matsoraci nike. Mai komawa wurin ɗiyanai da marece nika so, ba jarumi ba."

Ba ya buɗe taronmu sai ya ambaci waɗanda aiki ya ci, an yi musu Fatiha. Akwai Ɗan'ige da ƙasa ta rufta masa a Alkalawa. Mamman kuwa igiya ce ta tsinke da shi, yana raye amma ba ya tashi. Duk kaka Baba kan kai masa gero, ya zauna yana tsokanarsa wai ya gudu ya bar mu da aiki, har sai ya ga haƙoransa.

Ranar da abin ya faru, wani mai lambu ya sauke injin ban ruwa cikin rijiya, hayaƙi ya kwanta a ciki. Sanusi, ɗan ƙungiyarmu ne mai iyali, ya sauka don yasar rijiyar ba tare da fitila ba, sai aka ji shiru. Aka kira Baba. Ya zura fitilarsa, ta mutu tun ba ta kai rabi ba. Ya dube ta, ya ɗaura igiya a ƙugu ya ce, "In kunka ji na girgiza, ku ja." Ya sauka, can ya girgiza, suka ja, Sanusi ne ya fito. Igiyar ɗaya ce, Baba ya kwance ta ya ɗaura masa. Da aka mayar da ita, ba wanda ya kama.

Yanzu an danƙa min fitilar, ni kuwa tsoro nake ji ƙwarai. Akwai rijiya a Burkusuma tana jirana, mai ita yana ta aiko min. Ina tsoron ranar da wutar za ta mutu, ina tsaye a sama, wani yana ƙasa ba ya amsawa.

A taronmu na farko bayan rasuwar Baba ni na ambaci sunaye. Da na zo kan nasa, Sanusi ne ya faɗe shi daga sahun baya, yana kuka.

Ya Allah ka jiƙan Baba Audu, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ka ba Inna Hajo matarsa da 'ya'yansa haƙuri, ka tsaya musu. Mu kuma da za mu sauka gobe, ka fito da mu. Amin.