Lallen da Ba a Ɗauka Ba

Lokacin kaka ne, an gama yankan hatsi, wake na bushewa bisa rufin ɗaki. Shekarar ba ta yi mana rowa ba. Rumbu ya cika, hankali ya kwanta, shi ya sa ma na samu sukunin kwaɗayin abin da ba na ci ba.

Ɗiyata ta fari ta dawo daga Yamai da kwamfuta. Ta ce tana haɗa wani abu da ake sawa cikin tabilet, faffaɗar wayar nan, saboda mata irina da suka koyi karatu da girma. Ki taɓa baƙi, ya faɗi sunansa. Ni na yi shekara uku a ajin yaƙi da jahilci a Bazaga, don haka ni ta zaunar ta ɗauki muryata. Kwana goma ina faɗin baƙaƙe a bakin wayarta. Akuya ta yi kuka, mu sake. Amalanke ya wuce, mu sake. Ban gaji ba.

Wata Laraba ta ce, "Inna, jibi zan ɗauki bidiyo da hotuna in aika wa masu tallafi, su ga yadda abin ke aiki."

Ban tambaye ta komai ba. A wurinmu hannun da za a nuna wa jama'a ba ya fita haka nan. Ran Alhamis tana Konni neman rezo na intanet, na daka lalle, na kwaɓa, na ƙunshe hannu biyu cikin leda tun hantsi har la'asar. Maƙwabciyata ce ta tuƙa mini tuwo. A aji kuwa na riga na ba da labari, har wata tsohuwa ta ce, "To, hajiyar sinima, in kin shiga talabijin kar ki manta da mu."

Ran Juma'a na ɗaura zanen salla, na zauna kusa da ita. Ta buɗe kwamfuta. Sai ga hoton tabilet a tsakiyar gilashin, da bakinsa baƙi, kamar na gaske.

"Ina wanda zan riƙe?"

"Ai ga shi nan, Inna. Na gwaji ne, cikin kwamfuta yake, ba a riƙe shi."

Ta danna wani wuri, ta ce an fara ɗauka. Wani ɗigo mai ruwan toka ya riƙa yawo, yana sauka kan baƙaƙe.

"Wanga ɗigo fa?"

"Shi ne yatsa."

Ɗigon ya taɓa baƙin farko, murya ta fito. Ba tawa ba ce. Ta wata yarinya ce, sumul, irin ta rediyo.

"Ki yi haƙuri, Inna. Taki akwai kukan kaji a ciki. Kuma maganarmu ta nan, ba kowa ke son ta ba."

Sau uku ta sake ɗauka saboda ɗigon yana kaucewa. Sannan ta bi shafi-shafi tana ɗaukar hoto, ƙas, ƙas, ina zaune hannuna bisa cinya. Da ta gama ta juyo tana miƙa, idonta ya faɗa kansu.

"Kai, Inna, wanga lalle ya kama! Bikin wa za a yi?"

Na ce ba na kowa ba.

Ban ce ta yi laifi ba. Ita ba ta taɓa cewa za a ɗauki hannuna ba, ni na ɗora wa kaina. Amma muryar, da na faɗa ta ji na sake faɗa, ai da ta gaya mini tun ranar da ta cire. Ni na goya ta zuwa lakwal, makarantar boko, ranar farko tana kuka. Yau an yi wa mata irina abin karatu, an nuna wa manya, babu hannunmu ciki, babu bakinmu.

Washegari ranar aji ce. Na ji matan na wucewa ta bayan danga da allunansu, ɗaya ta kira ni, na ce su yi gaba. Na shimfiɗa tabarma, na sauko da wake daga rufi, na ƙi ɗauko turmi. Da hannu na yi ta ɓare shi har rana ta take, ko lallen zai yi saurin koɗewa.