Sha Ukunsa, Sha Biyunmu

Mahaifina Bakano ne da ɗinkin hula ya zaunar a unguwar Hausari, can nesa da Kano, tun kafin a haife ni. Amininsa kuwa ɗan Shuwa ne mai sayar da turare, muna ce masa Kawu. Shi ya koya wa Baba tawula, wasan da ya ce ya samo a Sudan: allo mai gidaje ashirin da huɗu, kowa da 'ya'ya goma sha biyar, sai ƙwayoyin jefawa biyu irin na lido. Ba sa sa ko sisi. Kullum bayan la'asar suna ƙofar shago suna yi, Kawu na tsokanarsa da sunan da 'yan garin ke kiran Bahaushe, yana cewa, "Kai Afuno, jefa mana!" Baba na ce masa makiyayin da ya rasa shanu ya koma kiwon katako.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Kawu, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa Kano. Baba ya daina cin abincin kirki. Ni malamin lissafi ne, kuma ina da ciwon son a ce na iya, sai na ce ai za su ci gaba ta waya, kowa da allonsa.

Matsalar ita ce tsofaffin nan ba su taɓa ba gidajen suna ba. "Nan" da "can" suke cewa, yatsa ya ƙarasa bayani. Na bincika yadda masana wasan ke rubuta shi, na tarar kowane ɗan wasa yana ƙirga gidajen daga ɓangarensa, daga ɗaya zuwa ashirin da huɗu, 'ya'yansa kuma suna gangarowa daga babbar lamba zuwa ƙarama. Na manna takardun lamba a allon Baba daga ɓangarensa, na sa 'yar Kawu ta manna wa mahaifinta daga nasa. Ke nan gidan da Baba ke gani sha uku, a wajen Kawu sha biyu ne, taran Baba kuma sha shida. Dole wani ya riƙa juya lambar, wato ya cire ta daga ashirin da biyar.

Ni ne mai juyawar. Kullum in na tashi daga makaranta a Bulumkutu sai in hau keke in zo, in riƙe waya, Baba ya motsa, in faɗa wa Kawu da lambarsa, shi ma ya faɗa in juya wa Baba. Ban taɓa gaya musu ina juya komai ba. Gaskiya daɗi nake ji da ba sa iya yi sai da ni.

Wata Laraba taron malamai ya riƙe ni, ga wasan jiya ba a ƙarasa ba. Baba ya gaji da jira ya kira da kansa. Ya jefa, ya ce, "Sha uku zuwa tara, na ci ɗanka." Kawu ya duba nasa allon. Akwai ɗan Baba a sha ukunsa, amma tara baya take ga ɗan Baban, kuma babu kowa a kanta. Da harshensa da ya yi nauyi ya ce, "Afuno, don ba na ganinka shi ne za ka koma da baya ka ci abin da babu? Maguɗi da furfura?"

Da na iso na tarar da Baba zaune, waya a kife. Ya ba ni labari, tun bai kai ƙarshe ba na gane abin da ya faru. Ya ce, "Shekara arba'in, yau ni ne ɓarawo." Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Ka yi haƙuri, Baba, ciwo ne."

Har yau ina jin haushin kaina kan maganar nan. Na ɗora wa marar lafiya laifina. Na ce a raina kwana biyu za su huce in gyara a hankali ba tare da an ga wautata ba. Ba su huce ba. Baba ya hana a taɓa allon, ya kuma hana a kira Kano.

Rana ta goma sha ɗaya 'yar Kawu ta kira ni. Ta ce, "Yaya, ciwon ya sake bugunsa, magana ta ɗauke. Allon kawai yake nunawa." Na ce ta ɗauko hoton allon ta turo. Na kai wa Baba, na ajiye waya kusa da allonsa, na nuna masa gida bayan gida, na faɗi komai. Ya daɗe yana bin lambobin da yatsa. Ya ce, "Ashe gaskiya ya faɗa." Can kuma ya ce, "Ni ma gaskiya na faɗa."

Ya sa na kira. Bai ba ni wayar ba, shi ya juya lambar da kansa, a hankali, yana ƙirgawa da yatsu. "Mutumina, sha biyunka zuwa sha shida. Na ci ɗanka. Jefa." Muka ji ƙwayoyi sun faɗi a kan katako. Yarinyar ta ce biyu da ɗaya ne, amma hannun Kawu ya kasa ɗaukar ɗan. Baba ya ce ba komai, zai jira.

Kwana huɗu bayan nan Kawu ya rasu. Baba bai yi mini faɗa ba, na so ma a ce ya yi. Ranar sadakar uku na miƙa hannu zan naɗe allon, ya riƙe ni ya ce in bar shi, wasan Kawu ne, bai motsa ba tukuna. Sannan ya dube ni ya ce, "Kwana goma sha biyar suka rage mana, ka cinye sha ɗaya."